AMBALIYA DA LAUNIN FATA: DARASI DAGA TARIHIN KOGIN MISISIPI, 1927 DA 2005

Gabatarwa

Sanin kowa ne cewa ruwan ambaliya ba shi da ido, ba ya tambayar asalin mai gida kafin ya shiga. Saboda haka ne mutane da yawa suka ɗauka cewa ambaliya da guguwa da girgizar ƙasa sukan faɗa wa kowa daidai wa daida. Amma wanda ya bi diddigin tarihi zai tarar cewa a gari ɗaya, a rana ɗaya, wata al'umma takan yi hasarar rayuka da dukiya fiye da maƙwabciyarta, sa'an nan kuma takan daɗe ba ta farfaɗo ba. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Manufar wannan lacca ita ce a bincika dalilin wannan bambanci, ta hanyar duban abin da ya auku a kudancin Kogin Misisipi na ƙasar Amurka har sau biyu, watau babbar ambaliyar 1927 da kuma guguwar Katrina ta 2005.

Tambayoyi huɗu ne za su yi wa mai karatu jagora. Ina mutum yake zaune kafin ruwa ya zo? Da me zai gudu in ruwan ya zo? Yaya ake bi da shi a wurin agaji? Me ake ba shi domin ya sake gini? Za a ga cewa a wannan yanki tarihin bauta da wariyar launin fata ya riga ya amsa tambayoyin nan tun kafin hadari ya haɗu.

Kogin da Mutanen da ke Bakinsa

Kogin Misisipi yana kwashe ruwan jihohi fiye da talatin na Amurka, ya gangara da shi kudu zuwa Tekun Meksiko. Duk lokacin da ya cika ya batse yakan zubar da laka a gaɓarsa, saboda haka ƙasar da ke dab da kogin ta fi tudu, wadda ke nesa da shi kuwa kwari ce da fadama. A kan irin wannan tudu ne Faransawa suka kafa birnin New Orleans a 1718. A 1719 jiragen farko suka iso da bayi daga Afirka ta Yamma, kuma mafi yawan waɗanda aka kawo a zamanin Faransawa daga yankin Senegal da Gambiya aka kwaso su. Su ne suka sare kurmi, suka haƙa magudanan ruwa, suka tara ƙasa a bakin kogi suka tayar da ganuwar da ke tare ruwa.

An soke bauta a Amurka a 1865, amma 'yantattun ba su sami gonaki ba. A yankin da ake kira Delta, cikin jihar Misisipi, inda ƙasa take da albarkar auduga ƙwarai, kuma baƙar fata suka fi kowa yawa, sai aka shiga tsarin noma-mu-raba. Mai gandu yakan ba manomi fili da iri da abinci bashi, in kaka ta yi a raba amfani, a cire bashin daga rabon manomi. Da yake littafin lissafi yana hannun mai gandu, sau da yawa shekara takan ƙare manomi yana cikin bashi, wanda ake binsa bashi kuwa ba shi da ikon tashi. A 1890 jihar Misisipi ta yi sabon tsarin mulki wanda ya sa sharaɗin biyan harajin zaɓe da jarrabawar karatu, ta haka aka raba mafi yawan baƙar fata da ƙuri'arsu. A 1896 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta halatta wariya a shari'ar Plessy, wadda ta samo asali daga New Orleans. Ke nan mutanen da suka fi kowa zama a ƙarƙashin ganuwa, suka fi kowa aikin gina ta, ba su da bakin magana a hukumomin da ke kula da ita.

A ɓangaren injiniyoyi kuma, Hukumar Kogin Misisipi da aka kafa a 1879, tare da injiniyoyin sojan Amurka, sun dogara ga ganuwa kaɗai. Suka toshe hanyoyin da kogin ya saba fita ya rage ƙarfinsa a fadamu, bisa zaton cewa in aka matse shi zai ƙara zurfi da kansa. Abin da ya faru shi ne ruwan ya riƙa hawa, ana ƙara wa ganuwa tsawo, har ya zamana duk inda ta fashe ɓarnar takan fi ta da.

Ambaliyar 1927

Tun daga ƙarshen daminar 1926 aka yi ta tafka ruwa a tsakiyar Amurka, har zuwa farkon 1927. Ranar 15 ga Afrilu 1927 ruwan da ya sauka a New Orleans cikin sa'o'i 18 ya kai kusan inci 15. Ranar 21 ga wata ganuwa ta fashe a wani wuri da ake kira Mounds Landing, arewa da garin Greenville, ruwa ya malale wani yanki mai faɗin mil 50 da tsawon mil 100. Kafin ambaliyar ta ja da baya, ganuwa ta fashe a wurare 145, ruwa ya rufe kimanin murabba'in mil 27,000, a wasu wurare zurfinsa ya kai ƙafa 30, mutane fiye da 600,000 suka bar gidajensu.

Tun kafin fashewar, an riga an tattaro dubban baƙar fata daga gandaye da titunan gari, ana sa su cika buhuna da ƙasa suna jerawa a kan ganuwa dare da rana, masu bindiga suna tsaye a kansu. A Mounds Landing da yawa daga cikinsu suna kan wannan aiki lokacin da ƙasa ta zame, ruwa ya tafi da su. Rahoton dakarun jiha ya ambaci cewa babu sojan da ya rasu, waɗanda ruwa ya ci kuwa ba wanda ya ƙidaya su. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ba da adadin mamata 246 a ambaliyar baki ɗaya, masana tarihi kuwa suna ganin ainihin adadin ya zarce haka nesa. A nan akwai darasi na farko ga ma'aikacin hukuma: wanda ba a rubuta sunansa yana raye ba, da wuya a rubuta shi in ya mutu.

Abin da ya Faru a Greenville

Da ruwa ya shiga Greenville, wurin da ya rage a bushe shi ne kan ganuwar kanta da kuma benayen tsakiyar gari. Turawan da ba su tashi ba suka hau benaye da otel-otel. Baƙar fata kimanin 13,000 aka tara su a kan ganuwa, kogi a gabansu, ambaliya a bayansu, da farko ba tanti, ba isasshen abinci, ba ruwan sha mai tsabta. Shugaban kwamitin agaji na garin shi ne William Alexander Percy, ɗan LeRoy Percy, tsohon ɗan majalisar dattijai kuma babban mai gandu. Shi ɗan ya ga cewa abin da ya dace shi ne a kwashe mutanen zuwa Vicksburg, inda akwai tudu, har ya sa aka kawo jiragen ruwa. Masu gandaye suka ƙi, domin sun san in manoman nan suka fita daga Delta ba za su komo ba, kuma ba mai tsinkar auduga. Uban ya zagaya ya shawo kan 'yan kwamitin, aka soke shawarar. Jiragen da za su iya ɗaukar dubbai suka tashi da mata da yara 33 kawai, dukkansu farar fata.

Daga nan sansanin agaji ya zama kamar kurkuku. Dakarun jiha suna gadi da bindiga, ba mai fita sai da takardar izini. Aka rataya wa mutane alama a riga, wadda ke nuna gandun da suka fito ko aikin da suke yi, kuma namijin da ba shi da alamar aiki iyalinsa ba sa samun abinci. Su ne masu sauke kayan agaji daga jirage ba tare da lada ba, alhali farar fata suna karɓar nasu rabon ba da wani sharaɗi ba. A cikin watan Yuli wani ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata mai suna James Gooden, domin ya ƙi komawa aiki da safe bayan ya kwana yana yi. A sauran sansanoni, waɗanda yawansu ya kai 154, an sami wuraren da aka riƙa damƙa kayan agaji a hannun mai gandu domin ya raba wa manomansa, wasu kuwa suka rubuta kayan a littafin bashi.

Abin lura a nan shi ne, ba rashin jirgi ko rashin abinci ne ya tsare mutanen nan a kan ganuwa ba. Jirgin ya zo, abincin ma yana nan. Hukumar agaji ce ta faɗa hannun waɗanda suke da wata buƙata dabam a jikin waɗanda ake agazawa.

Nakiyar Caernarvon

Ba baƙar fata kaɗai ne wannan ambaliya ta nuna raunin matsayinsu ba. Yayin da ruwa yake gangarowa, manyan masu bankuna da 'yan kasuwar New Orleans suka ji tsoron kada amincin birnin ya zube a idon masu ba shi rance. Suka matsa wa gwamnan jihar Luwiziyana da hukumomin tarayya lamba har aka yarda a fasa ganuwa da gangan a kudu da birnin. Ranar 29 ga Afrilu aka fara sa nakiya a Caernarvon, kimanin mil 13 daga birnin, ruwa ya kwarara cikin gundumomin St. Bernard da Plaquemines, mutane wajen 10,000 suka rasa muhalli. Yawancinsu talakawa ne masunta da masu ɗana tarkon namun fadama domin fatunsu, a cikinsu har da al'ummar Isleños, jikokin mutanen da suka zo daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifen tun ƙarni na 18, masu harshensu da al'adunsu, waɗanda ba su da wani wakili a zauren da aka yanke shawarar. An yi musu alkawarin cikakkiyar diyya, amma abin da ya shiga hannunsu kaɗan ne ƙwarai. Daga baya kuma ta bayyana cewa ba a buƙatar fasawar, domin ganuwoyin da suka fashe a arewa sun riga sun rage ƙarfin kogin.

Abin da ya Biyo Baya

Shugaban ƙasa Calvin Coolidge bai ziyarci yankin ba. Ya ɗora aikin agaji a kan Herbert Hoover, sakataren ciniki, wanda yake da burin tsayawa takarar shugabanci. Da jaridar baƙar fata ta Chicago Defender da ƙungiyar NAACP suka fara tona abin da ke gudana a sansanoni, sai Hoover ya naɗa kwamitin bincike na baƙar fata a ƙarƙashin Robert Russa Moton, shugaban makarantar Tuskegee. Kwamitin ya tabbatar da zaluncin, amma aka rufe mafi munin abin da ya gano, bisa fatar da Hoover ya sa musu cewa za a taimaki manoma su mallaki gonaki. Hoover ya ci zaɓen 1928, maganar gonaki kuwa ta bi ruwa. A 1932 Moton ya janye goyon bayansa. Wannan yana cikin abubuwan da suka fara raba baƙar fata da jam'iyyar Rifablikan ta Abraham Lincoln, har a zaɓen 1936 mafi yawan masu ƙuri'a a cikinsu suka zaɓi Franklin Roosevelt na jam'iyyar Dimokurat. Dubban manoman Delta kuma, da suka sami hanya, suka hau jirgin ƙasa zuwa Shikago da sauran biranen arewa.

A 1928 majalisa ta kafa dokar hana ambaliya, ta ware dala miliyan 325, aka bar dogaro ga ganuwa kaɗai, aka gina mafitar ruwa irin ta Bonnet Carré wadda aka gama a 1931. Injiniyoyi sun ɗauki darasinsu. Amma dokar ba ta taɓa tsarin da ya sa wasu suka fi wasu shan wuya ba.

Yadda Aka Zauna a New Orleans

Kafin a fahimci abin da ya faru a 2005, wajibi ne a dubi yadda aka raba ƙasa a birnin New Orleans. Tun farko masu hali sun kama tudun bakin kogi, 'yantattun bayi da sauran talakawa suka zauna a bayan gari, gefen fadama. A 1913 wani injiniya mai suna A. Baldwin Wood ya ƙirƙiro babban famfon zuƙe ruwa, aka busar da fadamu, aka yanka filaye. Amma ƙasar fadama in ta bushe sai ta lotsa, har ya zamana kimanin rabin birnin yana ƙasa da bakin teku. A sababbin unguwanni da dama an rubuta a takardar fili cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. A cikin shekarun 1930 kuma wata hukumar tarayya ta zana taswirar birane tana shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar cewa ba da rancen gida a can kasada ce, abin da ya danne darajar gidajensu shekara da shekaru.

Bayan an fara haɗa yara a makarantun gwamnati a 1960, farar fata da yawa suka ƙaura zuwa gundumomin da ke kewaye, baƙar fata masu ɗan hali kuma suka koma unguwannin gabas, waɗanda suke cikin kwari. Unguwar Lower Ninth Ward, wadda wani mashigin jiragen ruwa da aka buɗe a 1923 ya raba da sauran gari, kusan dukkan mazaunanta baƙar fata ne, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari su ne masu gidajensu. Guguwar Betsy ta nutsar da ita a 1965. A shekarar nan majalisa ta amince da aikin kare birnin daga guguwa, amma shekara arba'in bayan haka aikin bai kammala ba.

Guguwar Katrina

Ranar 28 ga Agusta 2005 magajin gari Ray Nagin ya ba da umarnin kowa ya bar birnin. Shirin ficewar ya dogara ne a kan motar kai, alhali kashi 35 cikin ɗari na gidajen baƙar fata ba su da mota, a gidajen farar fata kuwa kashi 15 ne. Ga shi kuma ƙarshen wata ne, lokacin da aljihun mai ƙaramin albashi da ɗan fansho yake a bushe. Washegari guguwa ta iso, ganuwa ta karye a wurare fiye da hamsin, ruwa ya rufe kashi 80 cikin ɗari na birnin. A 2006 injiniyoyin soja suka amsa cewa akwai kuskure a tsarin ginin ganuwar. An daɗe ana ambaton mamata 1,833, amma a 2023 hukumar lura da guguwa ta Amurka ta gyara adadin zuwa 1,392.

Gaskiya ne ruwan ya ci unguwar Lakeview ta farar fata masu hali kamar yadda ya ci sauran. Duk da haka, baƙar fata, waɗanda su ne kashi biyu cikin uku na mutanen birnin, sun kai kashi uku cikin huɗu na mazauna wuraren da ruwa ya shiga. Binciken da aka buga a 2008 a kan mamatan Luwiziyana ya nuna cewa kusan rabinsu tsofaffi ne 'yan shekara 75 zuwa sama, kuma a cikin birnin, in aka gwada tsara da tsara, yawan mutuwar baƙar fata ya ninka na farar fata daga sau 1.7 har zuwa sau 4.

Dubun-dubatar mutane suka maƙale a filin wasa na Superdome da zauren taro na birnin kwana da kwanaki cikin zafi da ƙishirwa. Jita-jitar kashe-kashe da fashi, wadda daga baya aka gane yawancinta ƙarya ce, ta sa aka riƙa duban masu neman ceto kamar masu laifi. Waɗanda suka nemi haye gada da ƙafa zuwa garin Gretna, 'yan sanda suka kora su da bindiga. Ranar 4 ga Satumba, a gadar Danziger, 'yan sanda suka harbi baƙar fata shida waɗanda ba su ɗauke da makami, biyu suka mutu, kuma sai a 2016 shari'ar ta ƙare da jami'an sun amsa laifinsu. A Lower Ninth Ward mutane da yawa sun gaskata cewa da gangan aka fasa ganuwarsu. Bincike bai tabbatar da haka ba, amma wanda ya san labarin Caernarvon ba zai yi mamakin inda zargin ya samo tushe ba.

Sake Gini

A wajen sake gini ne tsohon bambanci ya fito fili ba tare da kowa ya ambaci launi ba. Shirin gwamnati mai suna Road Home ya ƙayyade tallafin mai gida bisa wanda ya fi ƙanƙanta cikin abu biyu: kuɗin gyara, ko darajar gidan kafin guguwa. Kuɗin katako da siminti ɗaya ne a ko'ina, amma gida iri ɗaya ya fi araha a unguwar baƙar fata saboda tarihin da aka ambata. Ke nan mai gida a can yakan sami abin da ba zai isa gini ba. An kai ƙara a 2008, aka sasanta a 2011, bayan an riga an raba mafi yawan kuɗin. A Disamba 2007 kuma majalisar birni ta amince a rushe gidajen gwamnati kimanin 4,500 da talakawa suke haya. Ƙidayar 2000 ta sami mutum 484,674 a birnin, ta 2010 ta sami 343,829, kuma baƙar fata sun ragu da fiye da 100,000.

Akwai kuma wani misali da ke nuna cewa asali yakan zama garkuwa. Al'ummar 'yan Biyetnam da ke gabashin birnin, ko da yake harshe ya zame wa dattijansu shamaki, sun haɗa kai a kewayen majami'arsu, sun san inda kowane iyali ya faɗa, suka komo da wuri suka gyara unguwarsu.

Kammalawa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1927 doka da bindiga ne suka tsare baƙar fata a kan ganuwa. A 2005 dokokin wariya sun daɗe da faɗuwa, amma abin da suka bari, watau mazauni a kwari, da rashin abin hawa, da gida maras daraja a takarda, ya yi aikin da suka saba yi. Bayan Katrina an kashe dala biliyan 14 da ɗoriya wajen sabuwar ganuwa, kuma ta tsaya lokacin guguwar Ida a 2021, abin da ya nuna cewa gyaran ƙasa da siminti ya fi sauƙi bisa gyaran rabon arziki da iko.

Ga ɗalibi, darasin shi ne tarihin bala'i yakan fara tun shekaru masu yawa kafin ranar da ya auku. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa, ƙa'idar da aka rubuta domin kowa tana iya cutar da wasu in ba a dubi halin da ta tarar da su ba. Wajibi ne mai tsara shirin agaji ya san su wane ne ke zaune a kwari da dalilin zamansu a can, ya tanadi abin hawa ga wanda ba shi da shi, ya yi shela da harshen da kowace al'umma take ji, kada ya damƙa rabon mutum a hannun wanda yake binsa bashi, ya ƙidaya kowa da sunansa, sa'an nan ya tabbata cewa waɗanda ruwa zai fara ci suna zaune a zauren da ake yanke shawarar inda za a karkata shi.